Kama da wane ba wane ba ne: harsashin da ya ƙi shiga bindiga

Duk maharbin da ke ƙasar Garagumsa, daga Takeita har ƙauyukan kewaye, ya san ƙa'idar bindigar toka. Shi ke auna albarushi da hannunsa, ya ɗura, ya danna. In ya zarce awo, bututu ya tsage, wani lokacin har da yatsu. Wannan sani daɗaɗɗe ne a Damagaram, domin tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana haɗa albarushi a birni, maƙera suna zuba igwa, ayari kuma yana kawo bindigogi daga Tarabulus.

To, bindigar zamani ta karɓe awon daga hannun mai harbi. Albarushi yana rufe cikin kwanson harsashi, ido ba ya ganinsa. Yaya za a hana mutum ɗura wa bindiga abin da ya fi ƙarfinta? Ga dabarar da aka yi wa libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, wadda galibi ramukanta shida ne.

Akwai harsasai iri 2 da suka yi kama ƙwarai. Na farko sunansa .38 Special, kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19. Na biyu shi ne .357 Magnum, wanda ya shigo kasuwa a 1935. Kada lambobin su ruɗe mai karatu: kaurin dalmarsu ɗaya ne, milimita 9 da ɗan ɗoriya, kaurin kwanso ma haka. Bambancin yana ga tsawo. Kwanson na farko milimita 29 ne da kaɗan, na biyu kuwa ya kusa 33. Tsakaninsu milimita 3 da rabi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Kowane rami na gangar libarba yana da ƴar gaɓa daga ciki, inda ya ɗan tsuke, daidai wurin da bakin kwanso zai tsaya. In aka zura harsashin magnum a ramin .38, zai tafi sumul, mutum ya ɗauka ya dace, sai bakin kwanso ya ci karo da gaɓar. Gindinsa ya rage a waje, ganga ta ƙi rufuwa, harbi ya gagara.

Da gangan aka yi haka. Ba ƙarancin wurin albarushi ya sa aka ƙara tsawon ba, domin tsohon kwanson ma yana da sarari. Matsi ne abin tsoro. Bisa awon masana'antun Amurka, harsashin .38 yana danna kowane santimita murabba'i na ƙarfe da nauyin wajen kilo 1200, na magnum kuwa ya wuce kilo 2400. Ninki biyu ke nan, a kan gangar da ba a ƙera ta don wannan ba. In ta fashe, ɓarɓashin ƙarfe kan watsu gefe da sama, wato na kusa ma bai tsira ba. Haka aka sake yi a 1955 tsakanin .44 Magnum da .44 Special.

Nan ne ya kamata maƙeranmu su lura, su da gwanintarsu ba ta ɓuya ga kowa. In aka kawo musu libarba aka ce harsashi ya ƙi shiga, a ɗan ƙara zurfin rami, aikin ba wuya gare shi ba. Amma gaɓar kaɗai za su share, ƙarfen yana nan yadda yake, bai ƙara ƙwari ba. Ma'aikatan da ke ba da takardar izinin riƙe makami su ma su sani cewa wasu tsofaffin libarba na Colt, na wajen 1892, ba su da gaɓar sam. Dogon harsashi na iya shigewa, kuma su ne mafi rauni.

Gajeren harsashi kuwa yana shiga dogon rami lafiya lau. Libarbar Manurhin MR 73, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1973, jandarmomin can kuma suka daɗe suna riƙe da ita, ta magnum ce, amma tana cin .38, wanda ya fi araha wajen koyon harbi. Sai dai yana barin zoben ƙura da dalma a gaban ramin. In ba a goge shi ba, ranar da aka koma ga dogon harsashi sai ya shiga da ƙyar, kwanson kuma ya maƙale bayan harbi.