Tunawa da Inna, Uwar Adashin Ɗan Issa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwa, yau muna tunawa da Inna, mahaifiyarmu kuma kakar 'ya'yanmu, wadda ta yi rayuwarta a Ɗan Issa, garin bakin iyaka da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta shiga lakwal ba, amma lissafin naira da sefa a kanta yake. Da wannan sana'a ta ciyar da gida, ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe marayu.

Ita ce uwar adashin unguwa. Ko a 1994, da darajar sefa ta faɗi da rabi, babu wadda kwasarta ta yi jinkiri. A yunwar 2005, da hatsi ya yi tsada a jihar Maraɗi, bashin tiyar gero take ba maƙwabta, sai kaka su biya, ba ƙarin ko dala. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ciniki ya tsaya cik, wasu suka ce a watse adashin. Inna ta ƙi. Ta ba da shawara a rage zubi, kowa ya iya, har aka fita lafiya.

Ba ta bar mana kanti ko mota ba. Amana ta bari, kuma ita ce jarin da rufe iyaka ba ya karyawa. 'Yan uwa mata masu riƙe kuɗin jama'a, sai a yi koyi.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.