Ɗaukewar Numfashin Jariri Cikin Barci

Ba abin da ke ta da hankalin mai jego da tsakar dare kamar ta duba jaririnta ta ga ƙirjinsa ya bar motsi. Kafin maigida ya kunna fitila, sai yaron ya ja numfashi ya ci gaba da barcinsa. Da safe wasu su ce iska ce, wasu su ce maita. Al'amarin kuwa yana da bayani wurin likitoci, kuma ya wajaba maigida ya san shi, gama shi zai yanke shawarar a kwanta ko a nufi asibiti.

Jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 40 zuwa 60 cikin minti guda, amma ba a jere daidai ba. Ya kan yi da sauri, ya dakata sakan 5 ko 10, sa'an nan ya koma da kansa, launinsa bai sake ba. Wannan ba cuta ba ce. Sashen ƙwaƙwalwa mai umurtar ƙirji ya numfasa ne bai gama nuna ba, galibi kuwa abin ya kan wuce kafin wata 6. Haka kuma yawan farkawa. Cikinsa ƙarami ne, nono ba ya daɗewa a ciki, don haka bayan awa 2 ko 3 sai ya nemi wani. Wanda ya ɗura masa jiƙo ko maganin barci don gida ya huta, ya jefa shi cikin hatsari.

Abin tsoro shi ne numfashi ya ɗauke har sakan 20, watau gwargwadon mutum ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin a natse, ko kuwa bai kai haka ba amma leɓɓa da harshe suka yi shuɗi, jiki ya saki. Nan take a shafa bayansa, a murza tafin ƙafarsa, kada a girgiza shi, domin girgiza tana fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti a daren nan.

Bakwaini ya fi kowa fama da wannan. Waɗanda a ka haifa kafin ciki ya cika mako 28, kusan dukansu su kan yi shi, ya kan bar su kuwa sa'ad da su ka kai lokacin da ya kamata a haife su, ko bayansa da 'yan makonni. Maganin da a ke ba su zai ba fataken goro mamaki: kafin ne, watau sinadarin nan da ke cikin goro da shayi mai hana mutum gyangyaɗi. Shi ke zaburar da ƙwaƙwalwar yaro ta tuna da numfashi. Cikin 2006 a ka buga sakamakon wani babban bincike da likita Barbara Schmidt ta Kanada ta shugabanta a kan bakwaini fiye da 2,000, ya nuna waɗanda a ka ba kafin sun fi saurin rabuwa da injin numfashi, ciwon huhu kuma ya ragu a cikinsu. Cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta na renon bakwaini. Amma fa na asibiti tacacce ne, a na auna shi bisa nauyin yaro. Ruwan goro ko shayi a bakin jariri ɓarna ce tsantsa.

Wanda ya cika watanninsa kuwa, in numfashinsa ya fara ɗaukewa farat ɗaya, sau da yawa wata cuta ce ta ɓuya a ƙasa: ƙwayar cuta a jini, ko sanƙarau, ko ƙarancin sukari, ko tarin shiƙa, wanda a jariri ƙarami ya kan zo da ɗaukewar numfashi ba tare da tari sosai ba. Rigakafinsa na cikin allurar mako 6 da 10 da 14.

Kwanciya ma tana da hukunci. Cikin 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta hana kwantar da jariri rub da ciki, cikin 1994 a ka shiga yi wa jama'a shela a riƙa kwantar da shi rigingine, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci kuwa ta ragu a can da fiye da rabi. Shimfiɗa ta zama mai ƙarfi, ba matashin kai, ba zane a fuska. Da hunturu a kan rufe ɗakin mai jego ruf, a hura gawayi, a zuba turaren wuta, hayaƙin kuwa ya fi ƙarfin huhun jariri. Ɗumin da ya fi wa bakwaini shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, dabarar da a ka soma a Bogota ta ƙasar Kolambiya cikin 1978.

Yaron da ya tasa, ɗan shekara 2 zuwa 6, in yana minshari kullum, baki buɗe, yana shaƙewa yana zabura, galibi naman da ke bayan hanci da gefen maƙogwaro ne ya kumbura ya tare hanyar iska. Da yawa su kan kira wanzami ya cire beli, alhali ba belin ne ya tare ba, askar kuwa tana iya jawo zubar jini da ciwon sandarewa. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke duba wannan, in ta kama ya yi aiki.