Hayin gada: Abin da baƙo ke dubawa kafin ya kama gida a kudancin garin Kaduna

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano ko Katsina zuwa Kaduna, kafin ya sauke jakarsa a tashar Kawo an riga an ba shi shawara: ya nemi gida a Malali, Unguwan Rimi ko Rigasa, kada ya haye gada. Wanda ya taso daga Jos ko Kafanchan kuwa, akasin haka za a faɗa masa.

Sai dai wurin aiki ba ya bin wannan shawara. Matatar mai da aka buɗe a 1980, da kamfanin haɗa motocin Peugeot, da masana'antar makamai ta DICON, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, duk suna kudancin kogin Kaduna. Wanda abincinsa ke can, ko dai ya zauna kusa, ko ya riƙa haye kogin sau biyu a kullum yana zuba kuɗin mota.

Yadda kogi ya zama iyaka

Da can ba haka garin yake ba. Tun da aka kafa masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, ma'aikata daga ko'ina a Najeriya suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, ana haya gida ɗaya, ana ɗiban ruwa a famfo ɗaya.

Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayun 2000, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka aƙalla 2,000, shi ya fara kwashe mutane. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, suka ƙarasa. Aka yi ta sayar da gidaje da araha ko musayarsu, Musulmi suka yi arewa, Kiristoci suka yi kudu, har wasu na kiran ɓangarorin biyu Makka da Kudus.

Wannan ne tushen shawarar da ake bai wa baƙo, kuma ba za a ce masu bayarwar ba su da hujja ba. Ko a Oktoban 2018 sai da aka sanya dokar hana fita ta sa'o'i 24 a garin. Tambayar da magidanci ke yi wa kansa ita ce: idan abu ya tashi ina wurin aiki, ina iyalina suke, ta wace hanya zan kai gare su?

Kudun ba ɗaya ba ce

Inda shawarar ke kuskure shi ne da take yi wa kudancin kogin kuɗin goro. Barnawa, musamman wajen GRA da rukunin gidajen gwamnati, har yau gauraye take, da masallatai da coci-coci, shi ya sa hayarta ta fi ta maƙwabtanta tsada. A Kakuri akwai mazaɓar Kakuri Hausa, akwai Kakuri Gwari. A Makera da Nasarawa da Tirkaniya akwai tsofaffin gidajen Musulmi da ba su taɓa tashi ba. Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwan Romi da Gonin Gora kuwa galibin mazaunansu Kiristoci ne. Tsakanin wata unguwa da wata, wani lokaci titi ɗaya ne kawai.

Akwai kuma ruɗanin suna da ke kama baƙi. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, ta haɗa har da Tudun Wada da Unguwan Sanusi, waɗanda ke arewacin kogin. Sabon Tasha da Narayi da Gonin Gora kuwa a Chikun suke. Ita kuma Kudancin Kaduna da ake ji a labarai, wato yankin su Kafanchan da Zonkwa, tafiyar sa'o'i ce daga nan.

Gada, ruwa da daji

Bayan maganar maƙwabta, sai ta gada. Shekara da shekaru gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ce babbar ƙofar shiga gari, da cunkosonta na safe da yamma. Yanzu akwai gadar Kabala Costain da ke faɗawa titin Aliyu Makama a Barnawa, ga titin Yakowa ta gabas ga mazauna Kamazou da Mahuta, ga hanyar Nnamdi Azikiwe ta yamma ga 'yan Nasarawa da Kudenda. Mai yawan zuwa Abuja a mota ya more a kudu, domin hanyar ta nan ta fita. Mai hawa jirgin ƙasa kuwa sai ya haye zuwa Rigasa.

Sai ruwa. Gidan da aka gani da rani yana sheƙi, a watan Agusta ko Satumba yana iya zama tafki idan yana kwarin kogin Kaduna ko na rafin Romi. Masu wayo kan duba ƙasan katanga ko akwai shatin da ambaliya ta bari, su tambayi mai shagon bakin layi maimakon dillali, tunda shi dillali la'adarsa yake nema.

Abin da ya fi sauya lissafi a 'yan shekarun nan shi ne daji. Da, duk wanda haya ta yi wa tsada sai ya matsa gefen gari, ya sami fili mai araha ya gina. Bayan sace ɗalibai sama da 100 na makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachiya a Yulin 2021, da hare-haren da aka riƙa kaiwa unguwannin bakin daji a Chikun, arahar gidan ƙarshen layi ta zama abin tuhuma. Masu garkuwa da mutane ba sa tambayar inda mutum yake ibada. Yanzu mai neman gida kan tambayi ko unguwa na da 'yan sintiri, da nawa kowane gida ke biya a wata, kafin ya tambayi wutar lantarki da rijiyar burtsatse.

Mai niyyar saye, ya fara zuwa hukumar KADGIS ya tantance takardun fili, ya kuma tabbatar KASUPDA ta ba da izinin ginin, domin takardar mai unguwa kaɗai ba ta tare motar rusau.

Shi ya sa da yawa daga cikin masu zuwa ba sa ɗauko iyali a tashin farko. Sukan kama ɗaki ɗaya kusa da wurin aiki, ko su raɓa wurin ɗan uwa, su ga damina guda ta wuce, su san wace gada ce tasu, sannan su biya kuɗin shekara na ciki da falo.