Yadda Ake Ceto Dashen Mangwaro Idan Ya Yi Yaushi

Sau da yawa manomi yakan sayo dashen mangwaro ya dasa. Bayan kwana 3 ko 4 sai ganye ya yi yaushi, ya fara zuba. Wani sai ya tuge shi ya yar, ya yi asarar kuɗinsa da wahalarsa, alhali dashen bai mutu ba.

Ciwon yana ƙarƙashin ƙasa ne. Wajen dasawa, ƙananan saiwoyi masu shan ruwa sukan tsinke. Ganye kuwa bai daina fitar da ruwa cikin rana ba. Ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga. Shi ne dalilin yaushin.

Da farko a gwada ko yana da rai. A ɗan kankare ɓawonsa da farce. Idan an ga kore mai danshi, to, yana da rai. Sai a yi masa waɗannan abubuwa:

1. Ruwa. A kewaye gindinsa da kunya don ruwa ya tsaya. A zuba bokiti guda da yamma, bayan kowane kwana 2 ko 3. Jigawa ta fi laka saurin bushewa. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasa. Idan da laima, a dakata, domin yawan ruwa yana ruɓar da saiwa.

2. Inuwa. A kafa masa zana ko karan dawa, don rage zafin rana da iska.

3. Rufin gindi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye da shi. Amma kada ta taɓa jikinsa. A riƙa ɗagawa ana duba gara.

4. Aski. A yanke reshen da ya bushe kawai. A bar ganye mai rai, domin shi ke ciyar da saiwa.

5. Shinge. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Babban kuskure shi ne zuba takin zamani. Saiwar da ta ji rauni ba ta iya ɗaukarsa, ƙonewa take yi. A jira sai ya warke.

Alamar warkewa ita ce sabon toho mai ja-ja a kan reshe. Wannan yakan ɗauki makonni, sai an yi haƙuri. Idan toho ya fito, a janye inuwar sannu a hankali. Wanda abin ya shige masa duhu, ya nemi malamin gona na yankinsa.