Buhun Taki da Ƙyallen Roba: Yadda Ake Ƙarfafa Ƙasa Domin Gyaran Hanyar Gona

Kowace shekara, da watan Agusta ya kama, hanyoyin ƙauyuka da yawa sukan yanke. Sau da yawa ba dukan hanyar ce take lalacewa ba. Wuri ɗaya ne ko biyu, inda hanya ta ratsa fadama ko ta bi gindin tudu. Nan mota take kafewa, nan amalanke take nutsewa har gindi. Saboda wannan ɗan wuri sai taki ya makara, tumatir ya ruɓe a kwando, ɗan kasuwa ya karya farashi domin ya san ba wanda zai iya fitar da kayansa. Mace mai naƙuda kuwa sai a ɗauke ta a kan babur, ko a kafaɗa.

Ƙungiyoyinmu da yawa sun yi gayya a kan irin wannan wuri. An tara kuɗi, an sayi burji tifa biyu ko uku, an zuba. Da damina ta zagayo sai a nemi burjin a rasa, ƙasa ta haɗiye shi. To, me ya sa? Akwai kuma abin da za a yi domin wahalar ta daɗe tana amfani? Akwai. Injiniyoyi sun daɗe da gane cewa ƙasa takan ɗauki kaya mai nauyi ƙwarai idan aka sa mata abin da zai riƙe ta.

Halin ƙasa

Ku ɗebi yashi a hannu ku matse shi. Ƙwayoyinsa ba za su fashe ba, gama yashi yana jure danniya. Amma ku buɗe hannun, sai ya watse. Haka ƙasa take. Tana jure nauyi daga sama, amma ba ta da abin da zai hana ta bajewa gefe. Sa'ad da tayar mota ta taka hanya mai laushi, ƙasar da take ƙarƙashinta takan gudu dama da hagu, taya ta nutse, kwari ya fito. Ruwa ya kwanta a kwarin, ƙasa ta ƙara laushi. Burjin da aka zuba ya yi ta sauka, laka ta yi ta hawa, har su gauraya su zama taɓo.

Ga gwajin da za ku iya yi a wurin taro. Ku cika bokiti da yashi mai ɗan danshi, ku daddanna, ku kife shi a ƙasa, ku zare bokitin. Mutum ya taka, nan take tsibin zai rushe. Sa'an nan ku sāke cikawa, amma bayan kowane kaurin yatsa uku na yashi ku shimfiɗa guntun tsohon buhu. Ku kife, ku ɗora katako a kai, mutum ya hau. Za ku ga tsibin ya tsaya. Yashin bai canza ba. Guntayen buhun ne suka kama ƙwayoyinsa suka hana su zamewa gefe. Dukan abin da za mu faɗa a gaba, a kan wannan gwaji ya tsaya.

Dabarar tsohuwa ce

Maginanmu sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke kwaɓa ƙasar gini da ciyawa. Littafin Fitowa ma ya ba da labarin wahalar da Isra'ilawa suka sha a Masar sa'ad da aka hana su ciyawar yin tubali. A Aƙar Kuf, kusa da Bagadaza a ƙasar Iraƙi, akwai wata tsohuwar hasumiya ta tubalin ƙasa wadda aka gina wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Almasihu. Maginanta sun riƙa shimfiɗa tabarmin iwa a tsakanin sahun tubali. Har wa yau ragowarta tana tsaye, tsawonta ya fi mita 40.

Matsalar ciyawa da tabarma ita ce ruɓa da gara. A 1926 ma'aikatar hanyoyi ta jihar Karolaina ta Kudu a Amurka ta gwada shimfiɗa ƙyallen auduga mai kauri a cikin hanya. Hanyar ta yi kyau, ta rage tsagewa, har lokacin da audugar ta ruɓe. Sai da aka sami zaren roba, wanda ba ya ruɓewa a cikin ƙasa, gara kuma ba ta cinsa, sa'an nan dabarar ta kankama.

A 1953 teku ya ɓalle ya shiga ƙasar Holan, mutum fiye da 1,800 suka mutu. A cikin babban aikin tare teku da suka yi bayan haka, injiniyoyinsu sun shimfiɗa saƙaƙƙen ƙyallen roba a ƙarƙashin duwatsu, domin kada ruwa ya kwashe yashin da yake ƙasa. A Faransa, wani injiniya mai suna Henri Vidal ya yi rajistar dabararsa a 1963, watau gina bango da ƙasa zalla, ana jera siraran ƙarafa a cikinta sahu sahu. A 1970 aka gina madatsar ruwa ta Balkuros a kudancin Faransa da ƙyallen roba a cikinta a matsayin mataci. Injiniya Jean-Pierre Giroud, wanda ya yi aiki a wannan madatsa, shi ne ya raɗa wa ƙyallen suna jiyotestayil a wani taro a Faris a 1977. Ma'anar sunan ita ce ƙyallen ƙasa.

Irinsu da aikinsu

Kayan nan iri huɗu ne aka fi gani.

Na fari, ƙyallen ƙasa. Wani saƙaƙƙe ne kamar buhun taki, wani kuwa kamar bargo yake. Idan aka shimfiɗa shi a tsakanin laka da burji, yakan raba su. Ruwa ya wuce, laka ba ta hau ba, burji bai nutse ba. Aikinsa kamar na mataci ne a hannun mai tace gasara.

Na biyu, ragar ƙasa. Raga ce ta roba mai tauri da manyan idanu. Wani Bature mai suna Brian Mercer ya ƙago ta a garin Bilakban na Ingila a ƙarshen shekarun 1970. Tsakuwa takan shiga idanun ragar ta sarƙe, ba ta iya gudu gefe. Da ita ake ƙarfafa gindin manyan hanyoyi da gangaren gada.

Na uku, mai kama da saƙar zuma. Ana buɗe ta a ƙasa, a cika ramukanta da yashi ko tsakuwa. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1970, domin manyan motoci su iya bi ta kan rairayi.

Na huɗu, leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa. Da ita ake shimfiɗe gindin tafki ko kududdufin kifi domin kada ruwa ya tsiyaye. Ita ba ta ƙarfafa ƙasa, tare ruwa ne aikinta, saboda haka kada a sa ta a maimakon ƙyalle a ƙarƙashin hanya.

Ana sayar da waɗannan kaya a naɗe, a manyan birane, da tsada. Amma abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, buhun takin da yake jibge a rumbunanmu, da irin robar da ake saƙa ƙyallen ƙasa aka saƙa shi.

Dabarar buhu

Wani malamin jami'a a Nagoya ta ƙasar Japan, Farfesa Hajime Matsuoka, ya auna ƙarfin buhun roba da aka cika da tsakuwa aka ɗaure. Ya tarar ɗan buhu guda, wanda mutum ɗaya zai ɗaga, yana ɗaukar nauyin da ya fi tan 20 kafin ya fashe. Dalili kuwa, idan nauyi ya danna, tsakuwar tana so ta baje, buhun ya ja ya matse ta. Iyakar danniya, iyakar matsa.

Farfesa Makoto Kimura na jami'ar Kiyoto ya kai wannan dabara ƙauyuka. A 2007 ya kafa ƙungiyar da take koya wa manoma gyaran hanya da hannunsu. Sun yi aiki a Kenya, Uganda, Burkina Faso da waɗansu ƙasashe. Ana kiran dabarar do-no, watau buhun ƙasa da harshen Japan. Ba ta bukatar inji ko siminti. Kayan aikinta su ne buhu, igiya, diga, shebur, baro, madaɓi da hannuwa masu yawa.

Yadda ake yi

1. Ku zagaya hanyar tun da damina, ku kafa turke a wuraren da mota take kafewa. Aikin kansa da rani za a yi, bayan an gama girbi.

2. Ku fara da ruwa. Ku haƙa lambatu a gefen hanya, dama da hagu, ku buɗe masa mafita zuwa gangare. In ba a kori ruwa ba, kome za a yi banza ne.

3. Ku kwashe taɓo da laka mai laushi har ku kai ƙasa mai ɗan ƙarfi. Zurfin santimita 20 ya isa sahu biyu na buhu. Ku daidaita gindin ramin, ku daɓe shi.

4. Ku zuba burji, ko tsakuwa gauraye da jar ƙasa, a cikin buhu. Kada a zuba baƙar laka, irin wadda take tsagewa da rani ta kumbura da damina. Kada a zuba ƙasa mai ciyawa ko dutse mai kaifi. Awo ɗaya za a yi wa kowane buhu, lita 16. Ku yanke jarka mai lita 20 ta zama mudunku.

5. Buhun taki mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan awo, saboda haka ba cika shi za a yi ba. A ɗaure shi tam da igiyar roba, tafin hannu ɗaya sama da ƙasar, a lanƙwasa ragowar bakin a ƙarƙashi.

6. Ku jera buhunan, bakinsu yana kallon ciki, da ɗan fili a tsakaninsu domin su sami wurin bajewa. Ku daɓe kowane ɗaya da madaɓi mai nauyi har ya kwanta ya yi tauri kamar dutse. Idan ya daɓu sosai, faɗinsa da tsawonsa za su kai santimita 40, watau kusan kamu guda, kaurinsa kuma santimita 10. Ku cike tsakaninsu da burji.

7. Ku ɗora sahu na biyu, ku daɓe kamar na fari.

8. Ku rufe duka da burji, kaurin tafin hannu, ku yayyafa ruwa, ku daɓe. Tsakiyar hanya ta fi gefe tudu, kamar bayan kunkuru, domin ruwan sama ya gangara lambatu.

Lissafi

A ce wurin da ya lalace tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 4. In za a shimfiɗe shi duka, sahu ɗaya zai ci buhu 250, sahu biyu 500. In kuwa sawun taya kaɗai za a gyara, buhu biyu a jere a kowane sawu, sahu ɗaya 100 ne, sahu biyu 200. Ƙungiya mai mutum 40, in kowa ya kawo buhu 5, an sami 200 ba a kashe ko kwabo ba. Kuɗin da aka tara sai ya tafi ga burji da igiya da abincin masu gayya. Ma'aji ya fara karɓar buhuna tun lokacin sa taki, a kakkaɓe su, a ajiye a inuwa.

Abin da za a kiyaye

Babban magabcin buhun roba shi ne rana. Kowa ya ga yadda buhun da aka bari a waje yake zama gari cikin 'yan watanni. Wanda aka binne kuwa yakan yi shekaru da yawa. Saboda haka kada a yi aiki da buhun da ya riga ya sha rana. Ku ja shi da hannu biyu, in ya yage ku yar. Duk abin da aka jera a yini, a rufe shi a yinin. Bayan kowace damina a zagaya, inda buhu ya leƙo a ƙara burji, inda lambatu ya cushe a yashe shi. Kofaton shanu da ƙafar amalanke ta ƙarfe sukan huda buhun da ya bayyana.

Sai kuma mu san iyakarmu. Inda rafi yake ratsa hanya, kwalbati ko gada ake bukata, buhu ba zai hana ruwa wucewa ba. Babban kwarin zaizayar ƙasa, bangon da ya fi tsayin mutum, da madatsar ruwa, duk aikin injiniya ne, gama in suka rushe rai ne a ciki. Kafin a taɓa hanya, a sanar da mai gari da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Wataƙila ma su taimaka da tifa. A kuma shawarci mai gonar da ruwan lambatu zai bi ta wajensa, kada gyaran hanya ya haifi rigima tsakanin maƙwabta.

'Yan'uwa manoma, hanyar gona ita ce take mayar da amfanin gona kuɗi. Gyaran dukan hanya ya fi ƙarfin ƙungiya, amma mita 10 bai fi ƙarfinta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zaɓi wuri ɗaya a bana, wanda ya fi muni, ku yi shi da kyau. In ya ƙetare damina biyu, maƙwabtanku da kansu za su zo tambaya.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wane wuri ne a hanyarmu ya fi tsare mota, daga ina kuma ruwansa yake zuwa?
2. Buhu nawa za mu iya tarawa kafin girbi, wa zai ajiye su?
3. Ina burji mafi kusa, da me za mu ɗauko shi?
4. Su wa za su riƙa duba wurin bayan kowace damina?