Uwargida, Magajiya da Inna: Ma'ana da Asalin Sunayen Mata Shugabanni

Jami'an ƙananan hukumomi da ke shiga karkara domin rigakafi, ƙidaya ko rabon tallafi sukan tambayi maigida kawai, su rubuta sunansa su wuce. Alhali kuwa tun fil azal Bahaushe yana da sunayen da ya keɓe wa matan da ke riƙe da gida. Mun ga ya dace mu yi bayaninsu.

Uwargida haɗin kalmomi biyu ne, uwa da gida. Ita ce matar da aka fara aura, kuma amarya kan kira ta Yaya saboda girmamawa. A gidan gandu ita ke karɓar hatsin da aka ɗebo daga rumbu ta raba, ta lura da ranakun girki, ta sasanta kishiyoyi. Idan maigida ya tafi cin rani ko ya rasu, sau da yawa ɗawainiyar gidan a wuyanta take sauka.

Magajiya kuwa daga kalmar gado ta fito: magaji, magajiya, magada, kamar yadda ake cewa manomi, manomiya, manoma. Ma'anarta wadda ta gada. Tarihin baka na Daura ya nuna cewa mata ne suka fara mulkin ƙasar da wannan suna, har zuwa kan Magajiya Daurama ta labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Daga baya wasu suka riƙa kiran shugabar gidan karuwai da shi, amma wannan ba shi ne asalinsa ba, kuma har yau sarauta ce mai daraja a masarautu da dama.

Inna na nufin uwa, kuma haka take a Fulfulde. A Gobir ta zama sarautar 'yar gidan sarki mai shugabantar mata. Goggo, wato 'yar'uwar uba, ita ma mun yi tarayya da Fulani a kanta. A fadar Kano mahaifiyar sarki ita ce Mai Babban Ɗaki, a Borno kuma Magira.

Haka zalika, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa dattawan mata da sunan Jaji, tana ba su malfa, suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa neman ilimi.

Duk waɗannan sunaye nauyi suke nunawa. Saboda haka muna kira ga dagatai, masu unguwanni da ma'aikata: idan mace ce ke ciyar da gida, musamman mai riƙon marayu, a rubuta sunanta a matsayin shugabar gidan, don kada haƙƙin marayun ya salwanta. Idan kuma an zo da maganar lafiyar yara, a nemi izinin maigida, sannan ma'aikata mata su zauna da uwargida, domin ita ta san kowane yaro da ɗakin da yake kwana.