Zanen Zamani da Gadon Iyaye: Bayani ga Jama'ar Karkara

Da yawa daga cikinmu na ɗaukar zane da fenti a kan kyalle a matsayin sana'ar Turawa. Amma tarihin fitattun masu zane na Afirka ya nuna cewa daga ƙauye suka ɗebo ilimin da ya ɗaukaka su.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce su riƙe dabarun da malamansu Turawa suka koya musu, amma kowa ya koma ga al'adun mutanensa don samo abin zanawa. Uche Okeke ya ɗauko uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Daga baya Gani Odutokun, malami a jami'ar wanda ya rasu a 1995, ya zana hawan daba.

Ben Enwonwu kuwa ya shafe shekaru yana zana masu rawa da dodannin ƙasar Ibo, inda rawa ke haɗe da bauta. A 2018 an sayar da zanensa mai suna Tutu a Landan fiye da fam miliyan 1. A Sudan, Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin makarantar allo, ya gina fasaharsa a kan haruffan Larabci, har gidan Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa a 2013.

Mu ma muna da irin wannan taska: dagi a bangon soro, zanen ƙwarya, aikin babbar riga, zayyanar allo, da rawar koroso. Sai dai siminti na maye gurbin ginin ƙasa, gwanayen magina kuma na tsufa ba magaji. Idan zanen ya rushe da bangonsa, mai zanen gobe ba shi da inda zai duba.

Don haka muna kira ga hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da su rubuta sunayen gwanayen yankunansu, su kuma ɗauki hoton tsofaffin gine-gine kafin damina. Magidanta kada su rabu da kayan gado a kan kuɗi kaɗan ba tare da shawarar masana ba. Yaron da aka ga hannunsa ya faɗa a zane, a kai shi wurin gwani, a kuma bar shi a makaranta.